Amsar da Baba Tsoho Ya Ba Mai Awon Ƙasa

Wata Talata ce a ƙarshen damina, makon da muka fara yankan riɗi, shekarar da nake aji biyar. Ban je makaranta ba ranar, domin a hillarmu, wato ƙauyenmu, da ke kudu da Gadarif, kan hanyar Ƙala'at an-Nahal, malamai kansu sun san da zarar ganyen riɗi ya yi rawaya azuzuwa za su zama wayam har sai an gama. Riɗi ba ya jiran kowa. Idan aka yi masa jinkirin kwana uku, sai kwanson ya buɗe baki ya zubar da wahalar shekara cikin tsagar baƙar ƙasa, inda ko tururuwa sai ta sha aiki kafin ta fito da shi. Baba da Inna suna can gaba da laujensu, ni ina biye ina ɗaure dami ina tsayar da su kai sama. Kakana kuma, Malam Haruna, wanda kowa ke kira Baba Tsoho, yana zaune a gindin aduwa yana murza mana igiya, saboda gwiwoyinsa sun daina yarda da sunkuyo. Wajen hantsi muka ji ƙarar mota ta inda mota ba ta saba biyowa ba. Wata farar boksi ce, motar a-kori-kura, ta ratso ciyawa ta tsaya a bakin gona. Mutum biyu suka sauko da dogayen sanduna masu zanen ja da fari suka nufi gabas, na ukun kuma, wani saurayi mai malafa da fayil a hammata, ya nufo inuwar aduwa.

Ya yi sallama da ladabi, ya durƙusa, ya kira kakana da "ya Hajj". Baba Tsoho ya yi murmushi ya ce masa da Larabci bai kai can ba tukuna, sannan ya ɗaga murya ya ce da ni, "Ustaza, kawo wa baƙo ruwa." Haka yake tsokanata, saboda ko gona za mu sai na cusa littafi a cikin zanena. Na kawo ƙwarya na tsaya a gefe ina jira. Saurayin ya ce shi massah ne, mai awon ƙasa, hukuma ce ta aiko su. Ya tambayi sunan mai gona, aka faɗa masa. Ya tambayi ko akwai takarda, aka ce babu. Sai ya ce, to, ku mazauna nan ne? Baba Tsoho ya ajiye igiyar hannunsa, ya ba shi amsar da na ji yana ba kowane baƙo tun da na yi wayo: "Mu matafiya ne, ɗana. Ɗakin Allah muka nufa. Mun ɗan tsaya ne muna haɗa guzuri." Saurayin ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya isar, ya ɗora fayil a gwiwa ya yi rubutu. Daga inda nake tsaye rubutun a juye yake, amma na iya karanta shi. Ya rubuta cewa masu wucewa ne, ba mazauna ba. Na dubi kakana, na dubi baƙon, na buɗe baki, sai kunya ta rufe shi. Ni ce yarinyar da ko a aji, da amsa a bakina, ba na iya ɗaga hannu. Saurayin ya miƙo mini ƙwarya, ya gode, ya tafi.

Baba Tsoho bai yi ƙarya ba, kuma ba wasa yake yi ba. Yana saurayi suka taso daga wajen Haɗeja shi da mahaifinsa da niyyar hajji, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan lori, suna tsayawa su yi noma ko tsintar auduga su ƙara gaba. A nan mahaifin ya kwanta ciwo, a nan aka binne shi. Ɗan ya sari daji ya shuka dawa don ya sami abin ƙarasa hanya, damina ta bi damina, ya yi aure, ya haifi Baba da 'yan'uwansa, ya binne matarsa, ya ga jikoki, amma bai taɓa sauke niyyarsa ba. A wurinsa da tsofaffin zamaninsa, wanda ya ce ya zauna ya warware alkawarin da ya ɗauka da Ubangiji ranar da ya bar gida. Shi ya sa gidanmu duk bukkokin ciyawa ne, alhali maƙwabta sun fara gini da jan bulo. Da Inna ta kawo dashen lemun tsami daga gidansu, cewa ya yi, "Mu da za mu tashi, wa zai riƙa ba shi ruwa?" Kowace shekara idan aka gama sussuka aka ɗinke buhuna, sai ya dafa na sama ya ce, "Bana kam, in Allah ya yarda." Daga nan sai wani ya kwanta asibiti, ko farashin dawa ya faɗi, ko a yi bikin wata gwaggo, shekara ta juyo. Tun kafin a haife ni, an ce wata lajna, wato kwamitin hukuma, ta taɓa zuwa tana rubuta ƙananan gonaki irin namu, waɗanda ake kira bildat. Wasu suka je suka karɓi takarda. Baba Tsoho ya ƙi, ya kuma hana 'ya'yansa. Babu wanda ya ga abin damuwa a lokacin, domin kowa a hilla ya san gonar Malam Haruna daga aduwa har bakin rafi.

Ni ma na san ta, sanin da ƙafa ke yi wa wuri. Na san inda laka ke kama takalmi ta ƙi saki da damina, har sai ka bar mata shi ka dawo nema da rani. Na san kwarin da Inna ke shuka kuɓewa da yakuwa, da gefen da karkashi ke fitowa don kansa, da tsohon gidan gara inda muke hawa ni da ƙawayena muna kaɗa gwangwani muna korar tsuntsu daga kan dawa. Idan tsuntsu ya lafa, sai mu sauko mu share ƙasa mu yi 'yar carafke da duwatsun rafi, ko mu gasa ɗanyar zangarniya mu murje a tafin hannu muna hura ƙaiƙayi. Ni ce mai kai abincin rana, tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa a kai, butar shayi a hannu, ina tafe ina maimaita haddar da aka ba mu a makaranta. Da yamma in kora jaki zuwa hafir, babban tafkin da aka haƙa wa hilla, in ɗebo ruwa jarka biyu. Duk abin da muka ci, da wanda muka sa, da littattafan da nake ɓoyewa cikin zane, daga wannan baƙar ƙasa suka fito.

Sai bayan magariba na iya gaya wa Baba abin da na karanta, shi ma a hankali, ina kallon ƙasa. Ya tsayar da lomarsa ya dube ni, ya sa na maimaita, sannan ya ce kada in gaya wa tsoho. Ba a yi wata guda ba, muna cikin kakkaɓe riɗi a kan tabarmi, boksin ta dawo da turakun siminti. Aka kafa su a jere, miƙe kamar an ja zare, ba ruwansu da rafi ko bishiya ko kunya. Layin ya ratsa ta bayan hilla ya bar mana wata 'yar tsiririyar jar ƙasa mai tsakuwa a gindin dutse, duk sauran gonar ta faɗa ciki. Shehun hillarmu, wato dagacinmu, Shehu Adamu, ya tara magidanta a rumfar masallaci ya bayyana musu abin da aka gaya masa. Za a yanka wannan yanki a mai da shi mashru, wato babbar gonar tarakta, a ba masu hali haya. Ƙasar da ba a yi wa rajista ba, a doka, ta hukuma ce. Waɗanda ke da takardar da, za a zagaye gonakinsu. Waɗanda aka rubuta mazauna ne marasa takarda, za a duba a ba su wani wuri. Waɗanda aka rubuta masu wucewa kuwa, babu abin da aka tanadar musu. Gida huɗu ne a wannan sahu, kuma a duka huɗun tsoho aka tarar a bakin gona.

Daga nan Baba ya shiga zirga-zirgar Gadarif. Ya fita da asuba ya tari lori a bakin hanya, ya dawo da la'asar sakaliya, farar jallabiyarsa ta koma ruwan ƙasa, ya zauna har shayi ya huce a gabansa. A ofis ɗin farko aka ce ya kawo shaidar cewa su ke noma wurin. Shehu Adamu ya rubuta, dattawa uku suka dangwala yatsa. Da ya kai, aka ce ba a karɓar wannan shaida sai da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Baba, wanda aka yanke wa cibiya a wannan hilla kuma bai taɓa ganin Haɗeja ko a mafarki ba, ba shi da ita, domin bai taɓa buƙatarta ba. Masu ba da jinsiyya suka ce ya kawo ta mahaifinsa, ko ta wani baffa. Da ya ce babu, aka ce ya kawo shaidar inda iyalinsa suka zauna, misali takardar gona. Ranar da ya dawo da wannan amsa, Inna ta yi wata irin dariya marar daɗi ta ce, "To wace ce uwar wata a cikin takardun nan?" A tsakanin nan dawa ta nuna, kuma rabin kwanakin girbi Baba yana kan benci a bakin wata ƙofa yana jiran wanda ya fita sallah ko ya tafi taro.

Ni kuwa abin da na iya shi na yi. Malamin lissafinmu ya koya mana yadda ake zana taswira da ma'auni, sai na sami sabon littafin rubutu na ƙudura zan zana gonarmu yadda babu mai musu. Da an buga tsohon faifan garma da ke rataye a bishiyar makaranta, wanda shi ne ƙararrawarmu, sauran yara su ruga wasan langa da gaɗa, ni in bi ta bayan aji in nufi gona da igiyar Baba Tsoho, wadda na auna da rular aji na ƙulla mata ƙulli a kowace mita. Mako uku ina wannan aiki. Na auna kowane gefe sau biyu, inda aka sami bambanci na koma na uku. Na sa aduwa, na sa gidan gara, na sa itatuwan dushe goma sha ɗaya da ke bin rafi, na sa kabarin wani jariri, yayan Baba, da aka binne a kusurwar arewa shekarar da ruwa ya hana kai gawa maƙabarta. A ƙarƙashin kowane abu na rubuta sunansa da Larabci, da tawada, ba gogewa ko ɗaya. Da na nuna wa Baba, ya daɗe yana bin layukan da yatsa. Ya ce gobe in shirya, da ni za a je, tunda shi Larabcin baki yake ji, rubutun ma'aikata kuwa ba ya iya raba kansa da ƙafarsa.

Wannan ne zuwana Gadarif na farko, kuma abin da na fi tunawa shi ne fankar silin da ke juyawa a hankali tana ɗaga gefen takardu. Ma'aikacin da muka samu mutum ne mai furfura a gemu, ba mai faɗa ba. Baba ya tura ni gaba, na ajiye littafin a kan tebur. Ya buɗe, ya duba, ya ce, "Ma sha Allah, ke kika yi wannan? Injiniya za ki zama." Ya rufe ya miƙo mini. Ya ce zane ne mai kyau, amma ba shi da hatimi, kuma abin da ba shi da hatimi ba ya shiga fayil. Sannan ya jawo namu fayil ɗin ya juyo da shi wajena ya ce in karanta wa babana. Layin nan ne dai da na gani a juye a gindin aduwa, yanzu a miƙe, da hatimi shuɗi a ƙarƙashinsa. Ya ce abin da mai gona ya faɗa da bakinsa aka rubuta, ba wanda ya ƙaga masa. Idan akwai gyara, mai maganar ne kaɗai zai zo ya warware ta, kuma a yi sauri, domin ƙorafi yana da wa'adi.

Baba ya kwana goma bai iya faɗa wa mahaifinsa ba. Ya je ƙofar bukkar tsoho ya tsuguna, su yi zancen jaki da na farashin riɗi, ya taso. Inna ce ta gaji, ta kai wa tsohon kunu wata safiya ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yafe mini, amma gonar nan tana bakinka." Ta faɗa masa komai. Kwana uku yana fita masallaci ya dawo ya zauna da carbi, ko tsokanata bai yi ba. A rana ta huɗu ya ce a wanke masa jallabiyarsa ta Juma'a. Mutum biyu suka ɗaga shi suka sa a gaban lori, ni da Baba muka hau baya kan buhuna. A ofis muka tarar an canja mai furfurar, wani ne daban a kujerar. Ya miƙe ya ba tsoho wurin zama, Baba Tsoho ya ƙi. Ya tsaya dafe da sandarsa da hannu biyu, ya ce da Larabcinsa mai nauyin Hausa, da muryar da ban san shi da ita ba: "Ɗana, rubuta. Haruna ɗan Isiyaku mazaunin nan ne. Ba inda za shi." Na ga Baba ya juya fuska wajen bango. Ma'aikacin ya aika a kawo shayi, ya nemo fayil, ya daɗe yana juya shafi. Sannan ya ce, cikin tausasa murya, wa'adin ƙorafi ya cika tun makon jiya, an riga an ba da wurin, an sa hannu a can sama, shi ba abin da zai iya. Baba Tsoho ya ce, "Rubuta dai." Mutumin ya dube shi, ya yagi wata 'yar takarda, ya rubuta, ya nuna masa. Muna fita na waiga, na ga ya ɗora kofin shayinsa a kanta.

Kafin ruwan farko taraktoci suka iso. Kwana biyu suka yi suna tumɓuke itatuwa da sarƙa, rana ta uku suka ja garma daga wannan turke zuwa wancan, ƙasar ta zama shimfiɗa ɗaya. Mai mashru ɗin ba mu taɓa ganinsa ba, an ce a birni yake, wakilinsa kawai muke gani a mota. Mun shuka jar tsiririyar da aka bar mana, ta ba mu abin da bai kai mu tsakiyar rani ba. Da kaka ta zo, Baba ya ɗauki laujensa ya shiga sahun 'yan ƙwadago da ke zuwa daga Habasha ta Gallabat, ya yanki riɗin wani a daidai inda ya koyi tafiya. Wata rana ina wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi, na yi ƙarfin hali na ce da na yi magana ranar nan, da ba haka ba. Ya ce, "Zainabu, ko kin yi, wa zai bar maganar dattijo ya rubuta ta yarinya?" Na san don ya sanyaya mini rai ya faɗa, kuma mai yiwuwa gaskiya ce, amma ba ta sauke mini komai ba. Baba Tsoho ya ƙara shekara biyu a duniya. Bai ƙara zancen tafiya ba, bai kuma ƙara tambayar gona ba. Yakan zauna a ƙofar bukka ya fuskanci gabas, in na wuce ya ce, "Ustaza, an dawo?" shi ke nan.

Yanzu ina karatu a Gadarif, ina zaune gidan wata gwaggona. Idan na tafi hutu da kaka, motar kan bi ta gefen wurin, in manna fuska a gilashi ina neman abin da zan gane. Dawa ce kawai, tsayi ɗaya, launi ɗaya, har inda ido ya ƙare, babu inuwar da mai kai abinci zai ajiye kwano. Yaran hillarmu na yanzu ba su san korar tsuntsu ba, jira suke su girma su tafi haƙar zinariya ko su ja raksha, keke mai ƙafa uku, a gari. A da, babu takarda ko ɗaya a gidanmu in ban da Alƙur'ani da alluna da littattafan makarantata, kuma ba mu taɓa jin mun rasa wani abu ba. Yau ina da jaka ta roba da nake ajiyewa ƙarƙashin katifa, cike da jinsiyyata, da ta Baba wadda ta fito bayan shekara shida, da shaidar haihuwa, da ta makaranta, kowace da hatiminta, kowace na yi mata kwafi biyu. Nakan fito da su lokaci-lokaci in duba ko akwai kuskuren harafi, in mayar. Har yanzu ban san wanda zan kai wa su ba.